Tseren Motoci da Neman Magajin Fetur





Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam dabbar hawa, sa'an nan ya ba shi basirar da ya ƙera ƙarfe ya hau, da salati ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa, abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne tseren motoci, da irin rawar da yake takawa wajen kyautata motar lantarki da motar da ke shan wani mai wanda ba fetur ba. Na san a zauren nan akwai dattijon da zai ce a ransa, mu da litar fetur ta gagare mu, ina ruwanmu da 'ya'yan attajiran Turai masu ƙona dukiya suna kewaya fili? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ita zan bi tun daga farkon maganata har ƙarshenta.

Bari in fara daga gida. Ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi, daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya kuma kasa su kashi biyu: waɗanda aka horar aka sa musu zango mai nisa, wajen mil shida, waɗanda ba a horar ba kuwa aka sa musu kamar mil guda. Horon nan, wanda Larabawa ke kira tadmiri, shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a riƙa rage masa abinci sannu a hankali, a lulluɓe shi a ɗaki har ya yi gumi, kitsen ya narke, naman ya ɗaure, ya zama yana cin kaɗan yana gudu mai nisa. Fukaha'u kuma, duk da tsananinsu a kan caca, sun halatta a sa kyauta a tseren doki da raƙumi da harbin kibiya, saboda amfanin da ke cikinsa, wato tanadin dabba mai juriya da mahayi gwani domin ranar bukata. Hukuncin tseren mota na malamai ne, ban zo da fatawa ba. Mizanin kawai na ara: ana auna tsere da abin da ya bari a hannun jama'a bayan an watse daga filin sukuwa. Da'awata kuma ita ce tsere ba ya haifar da komai sai abin da sharaɗinsa ya nema.

Na farko. Yawancinmu mun taso muna zaton mota da fetur tagwaye ne, Hassan da Husaini, har muna ganin motar lantarki baƙuwa ce ta wannan zamani. Tarihi bai ce haka ba. A ƙarshen ƙarni na sha tara, sa'ad da maƙeran Turai suka fara ƙera keken da ke tafiya ba doki, abu uku ne ke takara, tururi da lantarki da fetur, ba kuwa wanda ya san wanne zai gaji doki. A watan Yuli na 1894 wata jaridar Faris mai suna Le Petit Journal ta shirya gasa daga Faris zuwa Rouen, kilomita 126, motar da ta fara isa kuwa mai tururi ce ta De Dion, amma alƙalai suka hana ta babbar kyauta domin ba ta tafiya sai da mutum na biyu mai hura mata wuta, suka raba kyautar tsakanin Panhard da Peugeot masu fetur. Ku lura, tun ranar farko sharaɗi ne ya yanke hukunci.

Bayan shekara huɗu, a watan Disamba na 1898, aka fara rubuta tarihin gudun mota a hukumance a wani wuri mai suna Achères kusa da Faris, motar da aka rubuta kuwa ta lantarki ce, ta yi kilomita 63 a awa. Wani mutumin Beljiyam, Camille Jenatzy, ya ƙi yarda a bar shi a baya, aka yi ta rige-rige wata da watanni, har ranar 29 ga Afrilu 1899 ya zo da wata mota mai siffar harsashi da ya raɗa wa suna La Jamais Contente, wato wadda ba ta taɓa gamsuwa, ya yi kusan kilomita 106 a awa. Ita ce mota ta farko a duniya da ta haye ɗari, kuma da batir ta haye. Tururi ma bai yi barci ba, domin a 1906 motar Stanley ta yi kilomita 205 a awa a gaɓar teku a Amurka.

To, idan lantarki ne ya riga kowa gudu, me ya kayar da shi har ya kwanta kusan shekara ɗari? Zangon da aka sa masa ne ya rufa masa asiri. Kilomita guda ake aunawa a Achères, batirin dalma kuwa yana iya zubar da duk abin da ke cikinsa a kilomita guda ya ba da mamaki, amma a 1895, da aka yi tseren Faris zuwa Bordeaux da dawowa, kusan kilomita 1,200, Émile Levassor ya gama da motar fetur cikin kusan awa 49, motar lantarki ta Jeantaud kuwa, duk da an tanadar mata batura zango-zango a hanya, ba ta kai ƙarshe ba. Sirrin yana cikin nauyi. Har yau ɗin nan, ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na fetur ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam mai kyau fiye da sau arba'in, balle batirin dalma na wancan zamani. Abin da ke ceton lantarki shi ne injin fetur yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin mansa a zafi da hayaƙi, alhali injin lantarki yana mai da fiye da kashi 90 cikin 100 na wutarsa juyi. Da Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, Cadillac kuma ta kawo tayar da inji da lantarki a 1912, aka huta da murɗa hannu, sai kasuwa ta tafi ga fetur.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, shi ne tadmiri. Muddin aka bar masu tsere su sha mai gwargwadon son ransu, abin da suke ƙerawa inji ne mai ƙaton ciki, wanda ba ya amfanar kowa sai mai shi. Ranar da masu doka suka fara auna musu abinci, ranar ce hankalinsu ya koma ga abin da mu ma yake damunmu. Tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, wanda aka fara a 1923, tun asali domin gwada juriya aka kafa shi, kuma a can ne Jaguar ta ci nasara a 1953 da birki mai faifai, irin wanda yake a ƙafafun gaba na kusan kowace ƙaramar mota da ke garejinku yanzu. A 1982 aka shigo da dokar da ta ƙayyade wa kowace mota yawan man da za ta sha a tsere, aka bar wa injiniya 'yancin ƙera injin da ya ga dama, sai gasa ta koma tsakanin masu iya tatsar gudu daga lita.

Gasar Formula 1 ta bi sahu daga baya. Duk direban da ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da kaya ya san ƙaurin birki, ya kuma san zafin da ke tashi daga ƙafar mota. Wannan zafi man da aka saya ne da kuɗi, ya zama gudu, sa'an nan birki ya ƙona shi a banza. A 2009 aka ba masu tsere izinin kama wani abu daga cikin ƙarfin nan: sa'ad da direba ya taka birki, wani injin lantarki da ke haɗe da na fetur sai ya juya ya zama janareta, ya riƙe motar, ya tura wuta cikin batir, in an fita daga kwana a dawo da ita. Kilowat 60 kawai aka yarda da shi, na kamar daƙiƙa bakwai a kowane zagaye, kuma Lewis Hamilton ne ya fara cin tsere da irin wannan na'ura, a Hungari, a shekarar. A 2014 aka yi tadmiri na sosai, aka ce inji kada ya wuce lita 1.6, mai kuma kada ya wuce kilo 100 daga farkon tsere zuwa ƙarshensa, wato an yanke wajen sulusin abin da suke sha a da. Masu kallo suka yi ta ƙorafi cewa motocin sun daina ruri. Amma cikin shekara uku Mercedes ta ba da sanarwar cewa injinta, a ɗakin gwaji, yana mai da fiye da rabin ƙarfin mansa aiki, matsayin da injin ƙaramar mota mai fetur bai taɓa kaiwa ba.

Me ya fito daga fili ya shiga titi? Zan ba ku biyu da na tabbata da su. Kamfanin Williams ya ƙera wata na'ura da ke adana ƙarfin birki a cikin faifai mai juyawa da tsananin sauri maimakon batir, da ita Audi ta ci Le Mans a 2012, karo na farko da mota mai haɗa inji da lantarki ta ci wannan tsere, daga baya kuma aka sayar da fasahar, aka ɗora ta a kan wasu bas-bas na Landan, waɗanda aikinsu ke nan tsayawa da tashi. Na biyun shi ne Porsche, wadda ta ci Le Mans sau uku a jere daga 2015 zuwa 2017 da mota mai tsarin wuta na bolt 800, ta kuma kawo wannan tsari cikin motarta ta kasuwa, Taycan, a 2019, a lokacin da galibin motocin lantarki ke kan bolt 400. Masu haɗa sola a cikinku sun san dalili, domin sun ga bambancin inbata mai bolt 12 da mai 48: in ƙarfin turin wuta ya ƙaru, waya ba ta bukatar kauri, ba ta ɗaukar zafi, caji kuma ya yi sauri. Yanzu kamfanonin Koriya da na Sin suna sayar da motoci masu wannan tsari ga matsakaitan mutane.

Na uku wani isnadi ne da nake so ɗalibai su haddace, domin maruwaitansa sanannu ne kuma bai yanke ba. A 1987 aka fara tseren motoci masu amfani da hasken rana a Ostareliya, daga Darwin zuwa Adelaide, wajen kilomita 3,000 ta tsakiyar hamada. General Motors ta haɗa kai da wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya, AeroVironment, suka ƙera Sunraycer, wadda ta yi tafiyar da matsakaicin gudun kilomita 67 a awa, ta riga ta biyu da fiye da kwana biyu. Ba wanda zai kai iyalinsa kasuwa a cikinta, mutum ɗaya take ɗauka, a kishingiɗe. Amma mutanen da suka ƙera ta sun koyi tattalin wuta kamar yadda matafiyin Sahara ke tattalin ruwan salka, sai suka ƙera Impact a 1990, wadda ta zama EV1 a 1996, motar da kamfanin General Motors ya ba da haya ga jama'a, daga baya ya karɓe ya murƙushe mafi yawansu. Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce an yi asara. Sai dai injiniyan da ya haɗa na'urar sarrafa wutar Impact, Alan Cocconi, ya riga ya fita ya kafa AC Propulsion tare da abokansa, suka ƙera wata 'yar mota mai suna tzero, a 2003 suka cika ta da dubban ƙananan batura irin na kwamfutar hannu, kuma wannan mota ce waɗanda suka kafa Tesla suka hau suka gamsu, suka karɓi lasisin fasaharta, suka fito da Roadster a 2008. Shekara 21 ke nan daga hamadar Ostareliya zuwa kasuwa. Abin da ya yi tafiyar nan kuwa mutane ne da ilmin da ke ƙirjinsu, motar kanta tana gidan tarihi.

Na huɗu, Formula E, gasar motocin lantarki, wadda Alejandro Agag ɗan Sifen da Jean Todt, shugaban hukumar tseren motoci ta duniya a lokacin, suka assasa, aka yi tserenta na farko a Bejin ranar 13 ga Satumba 2014, ta kuma zo Afirka, Marakash a 2016 da Cape Town a 2023. A shekarunta huɗu na farko batirin bai iya kai mota ƙarshen tsere ba, sai direba ya shigo tsakiyar gasa ya diro daga wannan ya faɗa wata. Mutane da yawa sun yi dariya, ni kuwa ina ganin gaskiya ce aka faɗa a bainar jama'a, aka nuna wa duniya inda ciwon yake. A watan Disamba na 2018, a Dir'iyya ta ƙasar Saudiyya, aka fito da sabuwar mota wadda batirinta ya kusa ninka na farko, aka daina sauya mota. Wadda aka fara tsere da ita a 2023 kuwa tana iya karɓar wuta daga birki har kilowat 600, sau goma abin da aka yarda wa Formula 1 a 2009.

Amma adalci ya wajaba. Batir iri ɗaya ake raba wa kowace ƙungiya a wannan gasa, domin kada mai kuɗi ya cinye mara kuɗi, ma'ana babu takara a kan abu mafi tsada da mafi wuya a motar lantarki. Batirin da ya sauko da farashi a duniya ya fito ne daga masana'antun Japan da Koriya da Sin, ta hanyar wayar hannu da kwamfuta da bas-bas na birane. Abin da ake takara a kansa a Formula E shi ne injin lantarkin kansa da inbata da manhajar da ke raba wuta, kuma a nan an sami fa'ida: a 2019 Jaguar ta sabunta manhajar motarta I-Pace da abin da ta koya daga tsere, masu motar suka sami ƙarin tafiya har kilomita 20 a caji ɗaya ba tare da an kwance ko noti ba. Duk da haka BMW ta fice bayan kakar 2021, ta ce abin da za ta iya ɗauka daga gasar zuwa motocinta ya ƙare. Sharaɗi ya buɗe ƙofa ɗaya ya rufe wata, ilmi kuma ta buɗaɗɗiyar kaɗai ya shigo.

Akwai inda lantarki ya yi galaba ba tare da an tausaya masa ba. A dutsen Pikes Peak na Amurka ana hawan kilomita 20 mai kwana 156 zuwa tsayin mita 4,300, inda iska ke ƙaranci har injin fetur ya riƙa haki kamar mai ciwon ƙirji. Motar lantarki ba ta numfashi. A 2018 Romain Dumas ya hau da motar Volkswagen cikin minti 7 da daƙiƙa 57, ya karya tarihin da motar fetur ta kafa a 2013.

Na biyar, sauran nau'o'in mai, kuma wannan ya fi kusa da mu, domin motocin da ke kan titunanmu, waɗanda galibinsu sun gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su iso, za su daɗe suna bukatar abin zubawa a tanki. A tseren Indianapolis na 1964 motoci suka yi karo a zagaye na biyu, tankunan fetur suka kama, direbobi biyu, Eddie Sachs da Dave MacDonald, suka rasu. Daga shekarar da ta biyo aka karkata ga metanol, wanda ruwa ke kashe wutarsa, ko da yake shi ma yana da aibinsa, domin harshen wutarsa ba ya ganuwa da rana. A 2007 suka koma itanol, wanda ake garwaya shi da ɗan fetur domin kada ya shawu, tun 2023 kuma man da suke sha ana yin galibinsa daga tukar rake ta Birazil. Le Mans tun 2022 tana amfani da man da aka tatso daga tsakin inabi, Formula 1 kuma ta shar'anta cewa daga kakar 2026 man tsere kada ya fito daga rijiya. Ku kula da kalmar tuka da kalmar tsaki. Man da aka yi da masara ko rogon da mutum zai ci, a ƙasar da ake kwana da yunwa, mafsadarsa ta rinjayi maslaharsa. Wanda aka yi da kara da ɓawo da abin da za a zubar, shi ne abin nema, shi ne kuma mai wuyar yi da tsada har yanzu.

Haidirojin ma an kai shi fili. A watan Mayu na 2021 shugaban Toyota na lokacin, Akio Toyoda, ya shiga tseren awa 24 na Fuji da kansa, cikin Corolla mai injin da ke ƙona haidirojin, suka gama, amma sai da suka tsaya shan mai sau 35. Ina girmama shugaban da ya sa jikinsa a cikin abin da yake sayarwa, ina kuma girmama lambar nan ta 35, domin ta faɗi nisan da ya rage.

Na shida gargaɗi ne. Daga 2006, da Audi ta fara cin Le Mans da injin dizal, har 2014, babu shekarar da wani mai ya ci wannan tsere in ba dizal ba, aka yi ta tallar cewa dizal ya zama mai tsabta mai ƙarfi. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen, uwar Audi, ya sa manhajar yaudara a motocinsa na dizal, wadda ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, in an hau titi ta sake shi, kuma kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11. Nasarar fili gaskiya ce, amma an yi amfani da ita an lulluɓe ƙaryar titi. Haka kuma Formula 1 da kanta ta lissafa a 2019 cewa hayaƙin da harkarta ke fitarwa a shekara ya kai wajen tan dubu 256, wanda motocin tsere ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari nasa ba, jigilar kaya daga nahiya zuwa nahiya kuwa ta ɗauki kashi 45. Wata na'ura ma mai ban sha'awa da ke tatsar wuta daga iskar salansa, wadda aka kashe mata dukiya tun 2014, an cire ta daga dokar 2026, domin tsadarta da wuyarta sun hana ta samun gida a motocin jama'a.

Mu ma muna da namu abin tunawa. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen Disamba na 1978, ta Agadas da Yamai ya bi, daga baya ya riƙa ratsa Tenere, kuma dattawan can suna tuna cinikin da yake kawowa na 'yan kwanaki, ana kuma tuna yaran ƙauyuka da motocinsa suka kaɗe a hanyoyin Afirka ta Yamma. An gwada taya da inji a kan yashinmu shekara da shekaru, ilmin ya koma Turai a jirgi. Aka soke tseren a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Amurka ta Kudu, tun 2020 kuma yana Saudiyya, inda a 2024 Carlos Sainz ya ci da motar Audi wadda lantarki ke juya ƙafafunta, injin fetur kuma yana ciki a matsayin janareta mai cika batir.

Wannan ya kawo ni ga na bakwai, ga tambayar dattijon nan. Tsarin motar da ta ci hamadar Saudiyya shi ne asalin tsarin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, wadda ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, ya yi suna da zana siffarta, kafin ya dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, a zamaninsa kuma aka buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri matasa sun cire injin ƙananan bas sun sa batir. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Legas da na Benin sun taɓa kai motocin da suka ƙera gasar Shell Eco-marathon, inda ake cin nasara da ƙarancin mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, ba sai an yi wa ɗan acaɓa ko mai A Daidaita Sahu wa'azi a kan neman madadi ba, lissafin yamma ya isar masa. Ashe mutane muna da su, bukata ma muna da ita.

Abin da ba mu da shi shi ne wanda zai yi tambayarmu. Batirin litiyam ba ya son zafi, yana tsufa da wuri a cikinsa, kamar yadda masu Nissan Leaf na farko suka gani a jihar Arizona a 2012, motar da ba a yi wa batirinta hanyar sanyaya da ruwa ba. Wace gasa ce a duniya ke tambayar yadda batir zai yi a Sakkwato a watan Afrilu, rana ta haye digiri 40, an ɗora wa keke fasinja da buhun gero? Wace ce ke tambayar abin da ƙurar hunturu ke yi wa inbata, ko kwana nawa bakanike zai yi yana jiran kayan gyara? Ba za a rubuta wannan sharaɗi a Faris ba, domin ba ciwonsu ba ne.

Saboda haka ga shawarata ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai. A kafa gasa ta shekara-shekara ta keke mai ƙafa uku da babur, a tsakiyar bazara, a hanyar da aka rufe aka tsare domin kada a taɓa ran kowa. A auna wa kowa wuta ko iskar gas daidai wa daida, a ɗora wa kowa kaya nauyi ɗaya, a ƙayyade kuɗin da za a kashe wa abin hawa domin kada ɗan gata ya sayi nasara. Kowace ƙungiya ta haɗa ɗalibi da bakanike, gyara kuma kada a yi shi sai da kayan da ake samu a kasuwar garin. Kyauta ta fito daga hannun wanda ba ya cikin masu tsere, kamar yadda fukaha'u suka fi natsuwa da shi a tseren doki. Sharaɗin da na fi ƙaunarsa kuwa shi ne duk wanda ya shiga, ko ya ci ko ya faɗi, ya rubuta zafin batirinsa da nisan da ya yi da abin da ya lalace, a buga da Hausa, a raba wa garejoji kyauta.

Mai girma shugaba, na ga lokacin da aka ɗiba mini ya cika.  Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina roƙon a gyara mini. Yanzu fili naku ne, kuma zan so tambaya ta farko ta fito daga makanikai, musamman duk wanda ya taɓa buɗe batirin keke mai lantarki da hannunsa.